Gidan Da Muka Saya Cikin Hunturu

 A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen makaranta da jarrabawar yara da muka saba yi a wannan fili, mu taɓo wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wanda kunya ce ta hana mu faɗa sai yanzu. Zancen gida ne, da ruwan da ke ɓuya a cikin bangonsa.

A farkon shekarar 2023 wani yayanmu da ke zaune a Jamus, wanda ya shafe shekaru yana aikin ƙarfi cikin sanyi, ya aiko da saƙo cewa a nema wa mahaifiyarmu gida nata na kanta, ta huta da zaman haya. Da yake mu ne aka ce mun yi boko a dangi, sai aka ɗora mana nauyin dubawa, wai ai malamin makaranta ba a rufe shi. Dillali ya kai mu wani gida mai ɗaki huɗu a gangaren da ke sauka zuwa rafin Aboabo, nan Kumasi. Watan Janairu ne, hunturu na kaɗawa, leɓe na tsagewa. Muka tarar da gida fes, sabon fenti ciki da waje, an manna tayil a gindin bango tun daga ƙasa har gwiwa, silin kuwa fari tas. Takardu mun bi su ɗaya bayan ɗaya, mun yi sintiri ofishin filaye har takalminmu ya gaji, domin abin da kowa ke tsoro a ƙasar nan shi ne a sayar masa da fili guda da aka riga aka sayar wa mutum uku. Amma bangon gidan, ko ƙwanƙwasa shi ba mu yi ba.

Damina ta faɗi. Wajen tsakiyar watan Yuni tsohuwa ta fara cewa ɗakinta yana wari, muka ce ai warin sabon wuri ne, zai wuce. Ran da ta buɗe akwatin zannuwanta da ke jingine da bango, sai ga fumfuna ta yi musu kore-kore da baƙi-baƙi, har da wasu atamfofin da ta ajiye tun na aurenta. Dardumar salla kullum da sanyi kamar an yayyafa mata ruwa. Fentin da ke sama da tayil ya kumbura ya yi ƙuraje, in ka taɓa sai ya zubo da wani farin gari kamar kanwa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne jikarta 'yar shekara shida da ke kwana tare da ita, wadda ta shiga tari cikin dare, ƙirjinta na kuka.

To, a nan muka yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko wauta. Muka sayo fenti mai mai, muka sa aka kankare wurin aka sake shafawa. Mako shida bai cika ba abin ya dawo, har ya hau sama da inda yake a da.

Sai da muka yi asarar kuɗin fenti sa'an nan muka nemo wani tsohon magini da ya gina rabin gidajen layinmu. Ya zo da sandarsa, bai ma fara shiga ɗakin ba, sai ya kewaya bayan gida yana duban ƙasa. Da ya gama ya ce, "Malam, yaushe kuka sayi gidan nan?" Muka ce, "Cikin hunturu, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Ai gida da damina ake zuwa ganinsa. Da hunturu ko kwando ka gani sai ka ce yana riƙe ruwa." Sa'an nan ya ce mu bar kallon fumfuna, ita ba ta zuwa sai an gayyace ta, ruwa ne mai gayyatarta, shi za mu nema. Abin da ya nuna mana a wannan rana, da wanda muka bi muka karanta daga baya, shi muke so mu ba masu karatu, ko wani ya tsira daga abin da ya same mu.

Ruwan da ya fi wahalar da gidajenmu shi ne mai hawowa daga ƙasa, watau rima. Duk wanda ya taɓa tsoma kan alli cikin tawada ya ga yadda take hawa jikinsa da kanta, ko kuwa yadda lagwani ke jan kananzir. Haka bulo yake yi, domin cike yake da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma in mai buga bulon ya yi rowar siminti ya cika yashi, ƙofofin sai su ƙara yawa. Ruwan ƙasa yakan hau bango har wajen mita guda, ba ya cika wuce haka da yawa ba. Yana hawa ɗauke da gishirin ƙasa, in ya bushe a fuskar bango ya bar gishirin nan, shi ne farin garin da ke tunkuɗe fenti yana cin filasta. Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda ya sani: wani layi ne mai lanƙwasa a jikin bango, ƙasansa duhu, samansa haske, kamar shatar da ruwa ke bari a bakin rafi bayan ya janye. Maganinsa tun wajen gini ake yi, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri kafin a zuba daɓen kankare, a kuma sa abin da zai tare ruwa a kan harsashi kafin a ɗora bulo, daɓen ɗaki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6. Masu bincike a jami'ar KNUST da ke nan garin sun yi rubuce-rubuce a kan wannan cuta ta gidaje, domin ba a zango kaɗai take ba. Gidanmu dai, da magini ya haƙa gefen bango, babu leda babu alamarta. Bugu da ƙari, an yi ta cika lungun bayan gida da ƙasa shekara da shekaru har ya fi daɓen ɗakin tsohuwa tudu. Duk ruwan da ya sauko daga gangare, a gindin bangonta yake kwana.

Tayil ɗin nan kuwa da ya burge mu, ashe shi ne mayafin da aka rufa wa ciwon. Tayil da fenti mai mai ba sa hana ruwa shiga bango daga ƙasa, hanyar fita kawai suke toshe masa. In ya rasa inda zai bushe sai ya ƙara hawa, ya ɓullo a saman tayil, ko ya juya ya fito ta cikin ɗaki. Saboda haka duk gidan da kuka je saye kuka ga an yi wa gindin bangonsa sabon tayil ko sabon fenti mai sheƙi, alhali sauran gidan tsoho ne, to ku tsaya ku yi tambaya.

Akwai kuma wani abu namu na kanmu da ba za mu ɗora wa kowa ba. A yawancin gidajenmu wurin alwala a gindin bango yake, nan ake tsugunawa da buta sau biyar a yini, mutum goma ko fiye, nan ake wanki, nan ake wanke-wanke. In ba a yi wa wurin daɓe mai gangare da 'yar kwata da za ta fitar da ruwan ba, to damina ce muke yi wa bangon har cikin rani.

Na biyu shi ne ruwan sama da ke shigowa ta rufi. Kakanninmu da suka zo fataucin goro suka zauna a wannan ƙasa ta kurmi sun baro inda ake ruwa wata huɗu ko biyar a yi rani mai tsawo, suka tarar da inda damina biyu ce a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan da ke zuba Kumasi a shekara kuwa ya kai wajen milimita 1,400. Ba su yi gardama da ƙasa ba. Ku dubi tsofaffin gidajen zango: rufi mai gangare, bakin kwano ya zarce bango sosai, dakali a gindi, tsakar gida a buɗe iska na ratsawa. Yanzu kuwa an shigo da yayin rufin ɓoye, watau a ɗaga bango sama ya rufe kwano don kada a gan shi daga titi. Kyau kam akwai kyau. Amma duk ruwan rufin a wani ɗan kwararo yake taruwa a bayan bangon nan, in ganye ko leda ya toshe indararo sai ruwa ya cika ya koma cikin gini. Mai gida ba zai sani ba sai ran da silin ya yi tabo ruwan ƙasa-ƙasa, kafin nan kuwa katakon rufi ya daɗe yana jiƙa, gara ta samu abinci. Wanda zai sayi gida ya nemi tsani, ya ɗaga murfin silin ya leƙa da tocila. Fenti yana rufe tabo ta ƙasa, amma ta sama katako ba ya ƙarya.

Na uku bututun famfo ne da aka binne cikin bango ko ƙarƙashin daɓe, musamman bangon da ya raba makewayi da ɗakin kwana. Wannan gane shi da sauƙi. A rufe duk famfunan gida, a rufe na tankin sama, a rubuta lambar da mita ke nunawa, a dawo bayan awa biyu. In lamba ta motsa, akwai yoyo a wani wuri. Kuma shi wannan danshi ba ruwansa da damina ko rani, kullum yana nan. Akwai wani gwaji kuma da ko yaro ɗan aji shida zai iya: a manna farar leda kamar faɗin littafin rubutu a jikin bangon, a liƙe gefunanta huɗu sosai, a bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru ta cikin leda, ruwan daga cikin bango yake. In ta waje ta taru, to iskar ɗakin ce ta cika laima, watau rashin taga ne da shanya tufafi a ɗaki da dafa abinci a rufe.

Kada wani ya ɗauka zancen kyaun bango kawai muke yi. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani littafin jagora musamman a kan laima da fumfuna cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi saurin kamuwa da tari da kukan ƙirji da cututtukan numfashi, masu asma kuwa ciwonsu yakan tsananta. Fumfuna tana sakin wasu ƙwayoyi ƙanana cikin iska, su ne irinta, su muke shaƙa. Yara da tsofaffi suka fi jin jiki, haka nan wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, domin wani nau'in fumfuna yakan samu wurin zama a ramukan da ciwon ya bari a huhu. Jikar tsohuwa mun kai ta asibiti an ba ta magani, amma tarin bai lafa sosai ba sai da muka mai da su ɗakin gaba. Sa'an nan masu jingine buhun masara ko gyaɗa da bango mai rima su yi hattara, fumfunar da ke kama hatsi tana haifar da wani dafi mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. In kuwa danshi ya kai ga wurin da wayar lantarki take, a kashe wutar wannan ɓangare tukuna, a kira mai gyara.

Wajen share fumfunar, ga abin da muka koya. Ba a kankare ta a bushe, ba a share ta da tsintsiya, yin haka watsa irinta ne cikin ɗaki. A buɗe tagogi, a fitar da yara, a sa takunkumi da safar hannu, a wanke da ruwa da sabulu, a bar wuri ya bushe. Wanda zai yi amfani da ruwan bilic irin su Parazone ya tsarma shi da ruwa, kuma don Allah kada a gauraya shi da maganin wanke masai ko wani sinadari, haɗin yana tayar da iska mai guba da ke iya kayar da mutum nan take. Abin da ruwa ya ratsa cikinsa, kamar katifar soso da kafet da katakon silin da ya ruɓe, wannan ba ya wankuwa, sai haƙuri a zubar. Duk abin da ya jiƙe kuma a yi ƙoƙari ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, bayan haka fumfuna ta fara kamawa. Mutanen Ankara da suka ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle mutum fiye da 150 suka rasu, sun san cewa janyewar ruwa daga tsakar gida ba ita ce fitarsa daga bango ba.

Yanzu sai mu zo ga wurin da ya fi zafi, watau tsakaninmu da wanda ya sayar mana. Da muka yi tambaya a layin, maƙwabta suka ce ai kowa ya san ɗakin nan, masu haya uku suka tashi saboda shi, kuma mako biyu kafin a kawo mu aka manna tayil. Muka ce to me ya hana ku faɗa mana? Suka ce ba mu tambaya ba, kuma ba sa so a ce sun ɓata wa mutum ciniki. Gaskiyarsu ta wani gefe. Da mun tsaya mun sha ko koko wajen mai sayarwa a bakin layi mun yi hira ta minti goma, da mun ji komai.

Dokar ƙasar nan, wadda ta gaji ta Ingila a wannan fanni, asalinta ita ce mai saye ya buɗe idonsa, ba a tilasta wa mai tsohon gida ya lissafa maka duk aibinsa ba. Amma yin shiru daban, rufe aibi da gangan don a ruɗi mai saye daban, wannan na biyu yana iya zama zamba a gaban alƙali, in akwai shaida. Shari'ar Musulunci kuwa ta fi haka tsanani. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci ya cusa hannu cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo laima a ƙasa. Mai kaya ya ba da uzurin ruwan sama, aka tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani, aka kuma nesanta mai algus daga al'umma. Busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa: in wannan bai yi kama da tayil a kan bango mai rima ba, ba mu san abin da ya yi kama da shi ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil da sharhohinsa, sun kasa aibin gida uku. Ɗan ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa. Matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron ya rushe gidan, ba a mai da gida saboda shi, amma mai saye yana karɓar abin da aibin ya rage na kuɗi. Babba kuwa, wanda ya ci kaso mai yawa na darajar gidan ko ake tsoron rushewa, mai saye yana da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Ba mu je kotu ba. Mun ɗauki hotuna da kwanan wata, mun sa magini da kafinta sun rubuta kiyasin gyara, mun ajiye takardun asibiti, muka kai magana gaban limamin unguwa da dattawa biyu, ɗaya namu ɗaya nasa. Masu karatu su sani, doka mai lamba 798 ta shekarar 2010 ta amince da irin wannan sasantawa ta gargajiya, muddin ɓangarorin biyu sun yarda da kansu a yi musu ita, sai dai ya fi kyau a rubuta abin da aka yanke kowa ya sa hannu. Da farko mutumin ya ce shi gyara ya yi don gida ya yi kyau. Liman ya ce masa, "Alhaji, da ɗanka ne zai saya, za ka gaya masa zancen ɗakin nan ko ba za ka gaya masa ba?" Ya sunkuyar da kai. Aka tsaya a kan zai biya rabin kuɗin gyara, kashi uku. Ya biya biyu, na ukun har yau muna jira. Dillali kuwa, wanda ya karɓi la'adarsa hannu biyu, ya ce shi ido ɗaya yake da mu, abin da muka gani shi ya gani.

Wuyar da ta fi wannan ita ce kiran Jamus. Mun yi kwanaki muna juya yadda za mu faɗa. Da muka gama bayani ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Inna fa, lafiyarta ƙalau?" Muka ce, "Lafiya lau, Yaya, mun mai da ita ɗakin gaba." Ya ce to a yi abin da ya kamata. Bai ƙara ko kalma ba, mu kuwa da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Wani daga cikin dangi ya kawo shawara, wai a jira hunturu a sake fenti a kai gidan kasuwa, yadda aka yi mana mu ma mu yi wa wani. Tsohuwa ce ta kashe maganar, ta ce ba za a ci haram da sunanta ba.

Gyaran da aka yi bai da wani asiri. An kwashe ƙasar da aka cika lungu da ita har ta koma ƙasa da daɓen ɗaki, an gina kwata ta siminti da ke karɓar ruwan gangare ta kai shi babban lambatu, an yi daɓe mai gangare kewaye da gindin bango, an mai da wurin alwala tsakiyar gida kusa da magudana. Tayil an ɓamɓare shi duka, an sassaƙe filasta har sama da inda shatar ruwa ta tsaya, domin tsohuwar filastar ta sha gishiri, ko an bar ta za ta ci gaba da jawo laima daga iska. An fasa taga ta biyu a ɗakin don iska ta riƙa ratsawa, akwati da gado kuma an janye su daga jikin bango kamar tafin hannu. Masana gini kan kimanta wata guda ga kowane inci na kaurin bango kafin ya bushe, bulo mai inci 6 ke nan wajen wata shida, saboda haka muka bar bangon tsirara tun daga Nuwamba har hunturu ya wuce, baƙi na zuwa suna tambaya ko kuɗi ne suka ƙare. Da aka sake filasta, fenti mai ruwa aka shafa, wanda bango ke iya numfashi ta cikinsa.

Magini ya gaya mana gaskiya cewa tun da babu leda a ƙarƙashi, rimar ba za ta tafi gaba ɗaya ba sai in an yanka bango an sa abin tare ruwa, ɗan yanki bayan ɗan yanki, aikin da kuɗinsa ya fi ƙarfinmu a lokacin. Abin da aka yi ya rage ta ƙwarai, damina biyu ta shekarar 2024 ta wuce fumfuna ba ta dawo ba, sai ɗan duhu a kusurwa guda da ba ya wuce tsawon yatsa. Mun ja layi da fensir a wurin mun rubuta kwanan wata, duk ƙarshen wata mukan je gaishe da tsohuwa mu duƙa mu duba ko ya haura.